Ƙarfen Ƙugun Auta

Zuwa ga Yayana,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka da iyalinka. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka da lafiyar jiki, ko da ta zuciya ba ta gama dawowa ba. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Auta, Ya sa wahalar da ya sha ta zame masa sanadin rahama, Ya sada shi da Baba da 'yan uwanmu biyu da suka riga shi tun suna ƙanana. Mu a nan jiki lafiya lau. Yara sun koma makaranta, ni ma na koma aji, ko da yake sau da yawa sai in tsaya da alli a hannu in manta abin da nake shirin rubutawa. Maigidana yana ta kai da komo tsakanin gidanmu da na Umma. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, Kawu ma ya koma bakin aikinsa. Umma tana ɗan taɓa abinci, tana sallarta a tsaye, hawan jininta bai tashi ba. Sauran maganarta sai na zo kanta can gaba.

Ka sha tambayata a waya yadda abin ya faru, ni kuwa in fara in kasa, ko kuka ya ci ƙarfina, ko layi ya katse. Abin da ke hannunka guntu-guntu ne, domin Auta ya hana kowa ya gaya maka wani abu in ba mai daɗi ba. Cewa yake mutumin da ke nesa ba abin da zai yi da mugun labari sai rashin barci. Yanzu da ba ya nan balle ya harare ni, na ga gara in zauna in rubuta maka komai daga farko, yadda na gani da idona da yadda aka faɗa mini.

Lokacin da ka tafi ka bar shi yana ɗan ɗingishi, muna yi masa tsiya wai yanga ce. Bayan tafiyarka abin ya ci gaba. Ka tuna shagonsa na gyaran waya da ke ƙarƙashin matattakalar bene, wanda faɗinsa bai fi ƙofar ɗaki ba, da fitilarsa mai lanƙwasasshen wuya, da gilashin ƙara girma, da 'yan sukuddirebobinsa da yake jerawa daga babba zuwa ƙarami, in ka taɓa ɗaya ya san an taɓa. To, har ta kai ba ya iya hawa doguwar kujerar nan sai maƙwabcinsa ya tallafe shi, in ya zauna kuma ba ya iya juyawa. Da muka kai shi asibiti aka ɗauki hoto, likitan ƙashi ya ce sikilar da aka haife shi da ita ce ta toshe jijiyoyin da ke kai jini kan ƙashin cinyarsa na hagu, wato dunƙulen nan da ke juyawa cikin gurbin ƙugu. Jini ya daina zuwa, ƙashin ya mutu, ya lotse. Ya ce babu maganin da zai tayar da shi, sai dai a yanke a sa na ƙarfe.

Likitan dogon mutum ne mai sanyin murya, furfura ta fara fito masa a gemu, kullum yana tura tabarau sama da ɗan yatsa. Ka san Auta da son ganin cikin abu. Bai yarda da bayanin baki ba, ya ce shi ba ya buɗe wayar mutum sai ya nuna masa abin da zai canza, don haka shi ma a nuna masa. Likita ya yi dariya, ya sa aka kawo wani tsohon akwatin ƙarfe da suke koya wa ɗalibai da shi, ya baje kayan a kan tebur. Yaya, da ka gani sai tsigar jikinka ta tashi. Ga zarto, ga guduma, ga wasu ƙarafa masu kaushi kamar magagari da ake rarake cikin ƙashin cinya da su, ga wasu masu siffar rabin ƙwallo da ake kankare gurbin ƙugu. Sai ƙarfen da za a bari a jiki: wani ɗan ƙoƙo da ake kafawa a gurbin, da doguwar ƙusa mai ƙwallo a kai da ake turawa cikin ƙashin cinya. Ni na kawar da kai, shi kuwa har ɗauka yake yana jujjuyawa. Nan take ya raɗa wa likitan suna Kafinta. Likita ya ce ya karɓi sunan, sai dai katakonsa jini yake yi, kuma in ya ɓata ba a ba shi wani.

A cikin kayan nan akwai wata 'yar siririyar sanda, ba ta kai tsawon kamu biyu ba, wadda ni ko kallonta ban yi ba sai da Auta ya tambayi amfaninta. Likita ya ɗauko wani dogon mariƙi, ya ɗaura ƙoƙon a bakinsa, sannan ya murɗa 'yar sandar a jikin mariƙin ta tsaya kamar reshe. Ya ce sandar saiti ke nan. Idan mutum yana kwance a gefe, an lulluɓe shi da ƙyallaye, ga jini, ga rami mai zurfi, ido yana yaudarar likita. Sai ya daidaita wannan sanda da kafaɗar mara lafiya da kuma shimfiɗar gado, sannan ya san bakin ƙoƙon ya kalli inda ya kamata, sai ya sa guduma ya buga. Da zarar ƙoƙon ya kama ƙashi, shi ke nan, ya zauna. In ya karkace ko kaɗan ne, ƙwallon zai riƙa zamewa yana fita. Ya kuma gaya mana cewa kayan aiki na gaske ba na asibitin ba ne. Kamfanin da ke sayar da ƙarfen shi ke kawo akwatunan aro ranar aiki, a gama ya kwashe ya kai wani asibiti.

Aka sa rana. Aka kwantar da shi tun kafin lokacin, aka yi ta ƙara masa jini da ruwa saboda sikilar, don kada ciwon ya tashi yana kan gado. Da safen ranar na ga mutumin kamfani a baranda, wani mai ƙaramin jiki da waya a kunne, yana turo akwatuna a kan keke, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce daga wani asibiti yake, aikinsu na jiya ya ja lokaci. Aka shiga da kayan aka wanke aka turara. Ni da Umma muka zauna a benci a ƙofar ɗakin tiyata, tana jan carbi, ni ina kallon ƙafafun masu wucewa ta ƙasan ƙofa. Aikin ya daɗe fiye da yadda aka ce. Na ga mutumin kamfani ya fito da sauri yana magana a waya cikin raɗa, ya koma, ya sake fitowa. Ban kawo komai a raina ba. Da likita ya fito ya ce an gama lafiya, na lura bai haɗa ido da mu sosai ba, amma na ɗauka gajiya ce.

Farkon abin kamar an dace. Ya tashi, ya taka da sandunan dogarawa, aka sallame mu. Lokacin ne ya turo maka hoton nan da yake tsaye a tsakar gida yana ɗaga babban yatsa. Ba a jima ba, wata safiya yana zaune a bakin gado, ya ɗan sunkuya zai jawo takalminsa, sai Umma ta ji ƙara daga ɗakinsa, irin wadda ta ce tun yana yaro ba ta ji ya yi ba. Ta tarar da shi a ƙasa, ƙafar ta gajarce ta murɗe ciki. Ƙwallon ya fita daga ƙoƙon. Maigidana da maƙwabta suka ɗauke shi a kan tabarma zuwa mota, duk ramin da aka faɗa sai ya ciji hannun rigarsa. A asibiti aka sa masa allurar barci, mutum biyu suka danne ƙugun, likita ya ja ƙafar har ta koma. Aka ce wataƙila ya sunkuya da yawa ne, aka ƙara masa dokoki: kada ya zauna a gajeriyar kujera, kada ya harɗe ƙafa, ya kwana da matashi a tsakanin cinyoyi. Ya bi dokokin nan kamar mai tsoron duka. Duk da haka ta sake fita a banɗaki, ta kuma fita yana juyi kawai a kan katifa. Har ya zama mutumin da ke tsoron atishawa.

Bayan ta ukun ne likita ya kira mu ofishinsa, ni da Auta, ya rufe ƙofa. Ya maƙala hoton a jikin fitila, ya ja layi da alƙalami, ya nuna mana inda bakin ƙoƙon ya kamata ya kalla da inda yake kallo. Bambancin a idona bai kai a yi magana ba. Sannan ya cire tabarau ya gaya mana abin da ya faru ran nan. Ya ce an buɗe akwatin an ƙirga kaya, adadi ya cika, sandar saiti tana ciki. Sai da ya yanke mataccen ƙashin ya kankare gurbin, ya zo ɗaura sandar a mariƙi, ta ƙi shiga. Ashe ta wani samfuri ce, an cakuɗa kayan a asibitin da akwatin ya kwana. Aka buga waya ko'ina, mafi kusa sai an yi tafiyar rabin yini. Ga yaro a buɗe, ga mai sikila da ba a so ya daɗe cikin allurar barci, ga ƙashin da aka yanke ba ya mayuwa. Ya ce sai ya auna da ido da hannu, ya buga. Ya ce ya yi fatan ya dace, shi ya sa ya yi shiru, kuma shirun nan laifinsa ne, rashin gwada kayan tun kafin a taɓa fata shi ma laifinsa ne.

Ni dai na tashi tsaye ina faɗa, ban ma san abin da na ce ba, har wata nas ta leƙo. Auta ya bari sai da na gaji. Abin da ya tambaya kawai shi ne, da an gwada sandar tun da safe, me za a yi. Likita ya ce da an ɗaga aikin zuwa washegari. Auta ya gyaɗa kai, ya ce in miƙo masa sandunansa. A mota ne ya yi kuka, ya juya fuska ga taga don kada direba ya gani. Daga baya Kawu ya bi sawun maganar. Kamfani suka ce wancan asibitin ne ya cakuɗa, wancan asibitin suka ce aikin kamfani ne ya duba kayansa, mutumin mai gumi kuma aka ce an mai da shi wani reshe. Har yau ban sake sa shi a ido ba.

Aka shirya aiki na biyu don a cire ƙoƙon a sake saita shi. Kafin ranar ya fara zazzaɓi sama-sama, wurin ɗinkin yana ɗumi. Da suka buɗe sai suka tarar da mugunya a ciki, ƙwayoyin cuta sun kama ƙarfen. Likita ya ce ba a kafa sabo a kan ruɓa, dole aka zare komai, ƙoƙon da ƙusar, aka cusa wani dunƙulen siminti mai magani ya riƙe wurin. Wannan ne lokacin da muka ce maka maleriya ce ta kwantar da shi. Ba maleriya ba ce, Yaya. Bayan aikin sikilar ta taso masa a ƙirji, numfashi ya gagara, aka kai shi ɗakin masu tsananin ciwo aka sa masa iska. Umma ta ga abin da ta gani a kan 'yan uwanmu biyu yana dawowa, ta zauna a ƙasa a baranda ta ƙi tashi. Allah Ya yi da sauran kwana, ya farfaɗo.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi muni. Ƙafar ta zama kamar ba tasa ba, gajera, tana reto, ba ta ɗaukar nauyi. Allurai safe da yamma har jijiyoyin hannunsa suka ɓuya. Ya koma ɗakin nan na kusa da ƙofa, aka ɗaga masa gado da bulo, aka sa masa bokiti a gefe. Umma ce ke kwashewa, shi kuwa abin yana cin ransa fiye da ciwon. Abokan shago suka riƙa kawo masa wayoyi ya gyara a kan faranti a cinyarsa, da farko yana yi, daga baya hannunsa ya fara rawa saboda magungunan, ya ƙona wayar wani, ya ce kada a sake kawowa. Mai benen ya ba wani shagon. Akwai yarinyar da ke sayar da caja da marfin waya a hawa na biyu, wadda ka taɓa yi masa tsiya a kanta. Ta yi ta zuwa da 'ya'yan itace, tana zama a bakin ƙofa suna hira. Rannan ya ce mata ta daina wahalar da kanta, ya faɗa da kakkausar murya don ta ji haushi. Ta fita tana share ido. Da na yi masa faɗa ya ce mini, Ta-tsakiya, ke ma kin san gaskiya, kin dai fi ni iya ɓoye ta. Auta mai ba mutane dariya har su riƙe ciki ya koma yini guda yana kallon silin.

Da gwaji ya nuna ƙwayoyin cutar sun mutu, likita ya shimfiɗa mana zaɓi biyu ba tare da ya ɓoye komai ba. Ko a bar shi haka, ya rayu da sanduna ko keke, ciwon zai ragu amma ƙafar ba za ta ƙara ɗaukarsa ba. Ko a sake shiga a kafa sabon ƙarfe, aiki mai tsawo saboda ƙashin ya ragu, kuma likitan allurar barci ya ce ƙirjin da ya yi abin da ya yi a baya yana iya maimaitawa, wannan karon ba lalle ya dawo ba. Umma ta ce ba da yawunta ba. Ta ce ta binne biyu, wannan ko a kwance yake tana ganinsa tana jin muryarsa, ta yarda ta kwashe bokiti har ranar da za a kwashe ta. Auta ya ce shi ba a tambaye shi ko ya yarda ba. Ya ce tun yana yaro ake lallaɓa shi kamar ƙwai, kada ka yi gudu, kada ka shiga ruwa, kada ka sha sanyi, ya bi duka, abu ɗaya da ya samu nasa shi ne ya tashi da safe ya tafi shagonsa da ƙafarsa. Suka yi ta yi, tana kuka yana shiru, yana magana tana fita. Daga ƙarshe duka biyun suka juyo kaina. Na ce jikinsa ne, shi ke kwana da ciwon, kuma ya kai shekarun da zai yanke wa kansa. Umma ta dube ni ta ce to, ta ji.

Ka tuna da ka ji za a sake yi masa aiki ka ce a canza likita, ka ma nemo sunan wani. Auta ne ya ƙi. Ya ce Kafinta ya san cikin ƙugun nan fiye da kowa a duniya, kuma mutumin da abu ya taɓa ƙona wa hannu ya fi wanda bai taɓa ba duba wuta. Sharaɗi ɗaya ya kafa, likita kuma ya amince. Ana gobe aiki, kafin a kai kayan turarawa, aka turo akwatunan har gefen gadonsa. Likita ya zo da kansa, tare da wani babban malaminsa da ya gayyato don ya tsaya masa. Suka fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, kowane a ɗaura shi a jikin abokinsa a murɗa a kwance. Da aka zo kan sandar saiti likita ya miƙa wa Auta ita da mariƙin. Auta ya murɗa ta, ta shige ta kama ƙam, ya girgiza ta ba ta motsa ba. Ya ce a kawo ta biyu a ajiye ko da wannan za ta faɗi ƙasa, aka nuna masa tana nan. Ranar ya ci abinci sosai, har ya tsokani nas ɗin da ke auna shi. Umma ba ta zo ba. Ta ce ƙafarta ba za ta iya kai ta bencin nan karo na uku ba. Ya kira ta a waya, ta ɗauka, ta yi masa addu'a doguwa, amma ba ta ce ta yarda ba.

Ni da maigidana muka zauna a bencin. Aikin ya ci kusan yini. Da suka fito likita ya zo da hoton a hannu tun bai cire hular tiyata ba, ya ɗaga shi a hasken taga. Ko ni da ban san komai ba na ga ya zauna daram. Washegari da hantsi mai gashin ƙashi ta zo da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Aka zaunar da shi a bakin gado, jiri ya ɗebe shi, aka jira. Sannan ya kama ƙarfen ya miƙe. Yaya, ya tsaya a kan ƙafafunsa biyu, tafin kowacce a ƙasa, tsawonsu ɗaya. Na daɗe ban gan shi a tsaye sosai ba har na manta ya fi ni tsawo. Ya leƙo tsakiyar kaina ya ce ashe furfura ta kama ni ban gaya wa kowa ba. Ya taka zuwa taga, ya tsaya yana kallon masu sayar da kaya a bakin ƙofar asibiti da motocin haya suna faɗa a kan fasinja, ya ce a bar shi ya ɗan ƙara. Da ƙyar aka lallashe shi ya koma gado. Ya ce kada in gaya wa Umma, so yake ta shigo ta same shi a tsaye.

Da yammar ranar ya fara tari, ya ce ƙirjinsa yana masa nauyi. Kafin wayewar gari zazzaɓi ya rufe shi. Suka yi duk abin da suka sani, aka canza masa jini, aka sa iska, aka mai da shi ɗakin masu tsananin ciwo. Na aika aka ɗauko Umma. Lokacin da ta iso an riga an sa masa bututu a maƙogwaro, ba ya magana, sai dai da ta kama hannunsa ya matse nata. Tana nan a gefensa har Allah Ya karɓi abinsa. Likita yana tsaye a ƙarshen gadon, hannuwansa a baya. Ya zo gida gaisuwa daga baya, ya tsaya a ƙofa bai shigo ba, Kawu ya amsa masa a taƙaice.

Na san kana maganar kai ƙara, Kawu ma yana bayanka. Ba zan hana ku ba, kuma duk abin da aka tambaye ni zan faɗa yadda na rubuta maka. Ni dai ba ni da ƙarfin jagorantar abin. Wani lokaci in tashi da ƙin likitan nan har cikin raina, wani lokaci in tuna shi kaɗai ne a cikinsu duka ya buɗe baki ya ce shi ne. Wanda ya jefa sandar wani akwati cikin wani kuwa, ko sunansa ba mu sani ba, wataƙila shi ma bai san ya yi ba, yana can yana harkokinsa.

Yanzu maganar Umma. Tun ranar da aka kai Auta makwancinsa ba ta yi mini magana ba. Ba ta kore ni ba, ba ta zage ni ba, da ma ta yi. In na gaishe ta sai ta ɗaga hannu, in na kawo abinci ta ce wa jikarta ta ajiye. Da maigidana tana magana, da yara tana magana. Kullum bayan na tashi daga makaranta ina zuwa in share tsakar gida in yi wanke-wanke in zauna kusa da ita har la'asar ta yi sanyi, in yi sallama in tafi. Shekaranjiya ina ninke kayan shanya, tana zaune a bayana, sai na ji muryarta. Ba ta kira sunana ba. Ta ce wai wata nas ta gaya mata ya tsaya, da gaske ne? Na ce da gaske ne. Ta ce in faɗa mata. Na ajiye kayan na faɗa mata komai, da jirin, da ƙarfen, da maganar furfurata, da tagar. Na ɓoye mata abu ɗaya kawai, cewa ita yake jira ta shigo ta gani, kai ma ina roƙonka kada ka taɓa gaya mata. Da na gama ta ce in sake daga farko. Na sake. Sai ta tambaye ni wace ƙafa ya fara jefawa. Na ce ta hagun, mai ciwon. Ta gyaɗa kai, ta tashi ta shiga ɗaki. Jiya da na je ta koma shirunta.

Abin da nake roƙonka ke nan, Yaya. Ka nemi hutu ka zo, ko na ɗan lokaci ne. Ba don ka shiga tsakanina da ita ba, kada ma ka kare ni a gabanta. Tana bukatar wanda za ta yi wa kuka da ƙarfi, ni kuwa ba za ta yi a gabana ba, gidan kuma ya yi mata girma.

Ka gaishe mini da matarka, ka ce na ga saƙonninta, rashin amsawa ba raini ba ne. Ka shafa mini kan ɗanka Sarkin Surutu da 'yar ƙanwarsa da ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Maigidana yana gaishe ka da kyau, Kawu da Goggo suna gaisuwa, yara suna tambayar yaushe za ka zo. Maƙwabcin shagon Auta ma ya ce in isar maka da ta'aziyyarsa. Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya kawo mana kai lafiya, Ya ba Umma haƙurin da ni na kasa ba ta.

Taka ƙanwa,
Ta-tsakiya